Hoton da Suka Yi Kama

Ranar Talata ce. Angelina tana tsaye a bakin wani shago a Soho Road, tana juya doya a hannu tana neman inda ta fara ruɓewa, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ga sunan da ta sa wa lambar tun da daɗewa: Gwaggon Manchester. Ta ja tsaki, ta bar wayar ta gama kukanta. Wayar ta sake yin ƙara. Sai da mai shagon ya ɗago kai ya dube ta, sannan ta amsa.

"Angie, kina inda za ki iya zama?" in ji Bernie, da Turancin nan nasu na Manchester wanda har yau sai Angelina ta kasa kunne kafin ta tsince shi.

"Ina kasuwa. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Lovelyn ce. Yanzu muka fito daga asibiti. Tabon nan na bayanta da suka yanka, sakamako ya dawo. Kansar fata ce, Angie. Sun ce ta riga ta shiga ciki."

Angelina ta mayar da doyar cikin kwali a hankali. Wane tabo? Wane yanka? 'Yarta guda ɗaya tilo a duniya, an kwantar da ita an sa mata wuƙa, ita tana Birmingham tana wanke tsofaffin mutane ba ta sani ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun watan jiya. Ni na gan shi, ina shafa mata mai a baya. Ita ta ce kada a tayar miki da hankali sai an tabbatar."

"Ke kika gani," in ji Angelina. "To. Sannu da ƙoƙari."

Tsoro bai zo mata ba sai da ta zauna a cikin coach, doguwar motar zuwa Manchester, an wuce garin Stoke. Abin da ya fara tokare mata ƙirji a bakin shagon nan shi ne hannun Bernie a bayan Lovelyn. Bayan da ita ta wanke, ta gasa da ruwan zafi, ta shafe da man kaɗe tun yana tafin hannu ɗaya. Ta yi ta neman ranar ƙarshe da ta ga bayan 'yarta, ta kasa tunowa.

Angelina 'yar Kagoro ce. Ta zo Ingila da ƙuruciyarta, ta kama aikin kula da tsofaffi, a nan ta haɗu da Kieran, wani Bature mai jan gashi da yake kawo musu kayan wanki a mota. Mutum ne mai dariya, ba shi da mugunta, ba shi kuma da zama wuri ɗaya. Shi ne mahaifin Lovelyn. Tana da shekara uku zuciyarsa ta buga a wurin aiki, aka binne shi a Manchester wajen danginsa. Bai bar komai ba sai yarinyar, da yayarsa Bernadette, wadda kowa ke kira Bernie, mace doguwa mai aikin dafa abinci a makarantar yara, ba miji ba ɗa.

Ranar da aka haifi Lovelyn, matan zumunta na coci suka cika ɗakin suna barka. Jaririya fara sol, gashi kamar gashin masara. Wata tsohuwa a cikinsu ta karɓe ta, ta lanƙwasa kunnen, ta duba gindin farce, yadda ake yi a gida don a san launin da yaro zai tsaya a kai.

"Kwantar da hankalinki," ta ce wa Angelina. "Dubi bakin kunnen nan. Za ta yi duhu. Duk haka muke zuwa, daga baya jini yake isowa."

Angelina ta riƙe maganar nan kamar alkawari. Kowace safiya in ta gama yi mata wanka sai ta duba kunnen. Yarinya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta shiga makaranta, jini bai iso ba. Sai ma wasu ɗige-ɗige da suka fito mata a hanci da kafaɗu, irin na Kieran, irin na Bernie. A cikin bas, tsofaffin Turawa sukan yi wa yarinyar wasa, sannan su juyo su tambayi Angelina ko ta daɗe tana yi wa iyayenta raino. In kuwa Bernie ta zo hutu suka fita su uku, ba wanda yake tambaya. Kowa ya riga ya san wace ce uwar, ya kuma san wace ce mai riƙe jaka.

Bernie ba ta zuwa hannu rabbana. Kullum da farin man nan na kare rana a jakarta. Ko coci za su, sai ta tsayar da yarinyar a bakin ƙofa ta lafta mata shi a wuya da hannuwa har ta koma kamar an tsoma ta a kunu.

"Wai ranar Ingila ma rana ce?" Angelina takan ce. "Mu da muka yi noma a ƙarƙashin ta gaske, me ta yi mana?"

"Fatarmu ce da ita, Angie. Ba ta ɗaukar rana."

Fatarmu. Da Bernie ta hau jirgin ƙasa ta koma, sai Angelina ta jefa kwalbar a kwandon shara, ta ɗauko man kaɗenta.

Lovelyn tana da shekara sha huɗu aka yi bikin ranar iyaye mata a coci. Kowace uwa ta ɗinka anko da 'yarta, za su fito gaba biyu-biyu su yi waƙa. Angelina ta yi aikin ƙarin awoyi ta sayi atamfar, kore da ruwan ɗorawa. Suna cikin layi, wata baƙuwa da ta zo daga Leicester ta dafa kafaɗar Lovelyn, ta ce da Hausa, a zatonta yarinyar ba ta ji:

"Kai, Maman zumunta, kin kyauta. Har 'yar masu gidan naki kika ɗinka wa?"

Aka yi dariya, aka gyara mata, ta ba da haƙuri har da durƙusawa. Lovelyn ta yi waƙarta. Da suka isa gida ta cire ankon ta ninke, ba ta sake sa shi ba.

Sanyin shekarar da ta biyo baya ne abin ya faru. A tsakiyar Fabrairu, lokacin da rana ba ta leƙo unguwarsu ta Handsworth sai ta ga dama, Lovelyn ta fara sauya launi. Da farko kamar zuma, daga baya kamar gyaɗar da aka soya. Wata safiya tana shan shayi a kicin, Angelina ta zagayo ta bayanta, ta kama kunnen ta lanƙwasa, sai ta saki guɗa har maƙwabcinsu ya buga bango.

"Ya iso! Jinin Kagoro ya iso! Latti ya yi kawai, kamar bas ɗin nan namu. Yau na ga 'yata!"

"Mum, kina ja min kunne," in ji Lovelyn, tana dariya, fuskarta a sunkuye cikin kofi.

Ranar Lahadi Angelina ta kai godiya gaban coci. Ta ja Lovelyn zuwa wurin mai hoto a Soho Road, suka haɗa kumatu, aka ɗauke su. Ta sa aka wanke shi babba, aka yi masa firam, ta rataye a falo inda duk wanda ya shigo zai fara gani. A hoton nan ba mai cewa ba uwa da 'ya ba ne. Hanci ɗaya, goshi ɗaya, ashe dama suna nan, fari ne ya rufe su.

Da hutun Ista Lovelyn ta je Manchester. Kwana ɗaya da zuwanta Bernie ta bugo waya.

"Angie, yarinyar nan sunbed take shiga."

"Mene ne kuma wannan?"

Bernie ta yi mata bayani: wani dogon akwati ne mai murfi, cike da fitilu masu zafin rana, mutum ya tuɓe ya kwanta a ciki ya rufe, ya fito fatarsa ta yi duhu. Ta ce doka ta hana wa duk wanda bai kai sha takwas ba, amma akwai shagunan da ba mai tambayar shekaru, wasu ma ba kowa a ciki sai na'urar karɓar kuɗi. Ta ce abin yana kawo kansa, musamman ga mai irin fatarsu.

Angelina ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin gama? 'Yata ta yi kama da ni, shi ne ya hana ki barci. Shekara goma sha biyar kuna riƙe da ita, yanzu ta dawo gida, sai ku yi haƙuri."

Ta kashe wayar. Washegari a wurin aiki ta ba Ramlat labari suna canza zanen gado. Ramlat Bakanuwa ce mai zama a unguwar Balsall Heath, sun daɗe suna shift tare, ba ta ɓoye wa kowa magana.

"Maman Lovelyn, ni dai ban taɓa ganin jinin da ya jira shekara sha biyar a hanya ba. Visa aka hana shi?"

"Ke ma kin koma bayan Baturiyar?"

"Ni ina bayan katifar nan, ja wancan gefen. Amma ki tambayi yarinya."

Angelina ta tambayi Lovelyn, sau ɗaya, tana kwashe tuwo, ba ta ko juyo ba. Lovelyn ta ce, "Auntie Bernie ta cika damuwa, Mum." Angelina ta ce dama ta sani. Maganar ta mutu a nan.

Da Lovelyn ta samu shiga jami'a, Manchester ta zaɓa, wai za ta zauna a gidan Bernie ta huta da kuɗin haya. Angelina ta yi fushin wata guda. Lovelyn ta gama karatu, ta samu aiki a can, ta ci gaba da zama a can. In ta kira waya sai Auntie Bernie ta ce, Auntie Bernie ta dafa, ni da Auntie Bernie mun je. Angelina takan aika da yaji da kuka da daddawa a cikin coach, don dai a san akwai wani kicin a duniya.

To, shi ne yau ga ta a cikin coach ɗin da kanta.

A gidan Bernie, a unguwar Levenshulme, ta tarar da Lovelyn kwance a doguwar kujera da bargo. Ta daina shiga akwatin tun bara, fatar ta koma yadda Allah ya yi ta. Angelina ta tsaya a ƙofar falo da jakarta, ta ji kamar ta shigo gidan mutane ta tarar da 'yarsu ba lafiya.

"Mum, kada ki fara," in ji Lovelyn.

"Na ce wani abu?"

"Fuskarki ta ce."

Bernie ta san sunan kowane magani da lokacin shansa. Ta san ƙofar da ake shiga a asibiti, da nas ɗin da ke da sauƙin kai. Ranar ganin likita, ya shigo ya miƙa wa Bernie hannu ya ce, "Ke ce mahaifiyar?" Bernie ta yi saurin nuna Angelina, amma kafin minti biyu idonsa ya koma kan Bernie, da ita ya ƙarasa maganar. Angelina ta zauna da jaka a cinya, kamar dā.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki ta tare a ƙaramin ɗakin Bernie. Mata biyu, kicin ɗaya, marar lafiya ɗaya. In Bernie ta kawo miyar kaza irin tasu mai kama da ruwan wanka, Angelina ta kawo gwate. In Lovelyn ta sha cokali uku na wannan, sai an ƙirga na wancan. Wata rana Lovelyn ta ture kwanukan biyu.

"Ku biyun nan za ku kashe ni kafin kansa ta samu dama."

Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Magani ya yi aiki na ɗan lokaci, har aka fara maganar komawa aiki, sannan ya daina. Da kaka aka mayar da ita hospice, gidan da ake kai waɗanda likitoci suka gama nasu. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Akwai lambu a ƙarshen barandar, tana son zuwa, amma keken guragu yana buga mata ƙashin baya, kwanciya kawai take iyawa. Wata rana da hantsi, rana ta ɗan fito, ta dubi taga ta dubi uwarta.

"Mama," ta ce. Tun tana ƙarama rabon da ta kira ta haka. "Goya ni."

Bernie ta miƙe. "Bari in kira nas, love, akwai abin ɗagawa."

"Zauna," in ji Angelina.

Shekara ashirin da wani abu tana ɗaga manya, ta san inda ake kamawa. Ta ciro zanen zumunta daga jaka, ta juya baya ta durƙusa a bakin gado. Lovelyn ta zuro hannuwa ta wuyanta. Angelina ta yafa zanen, ta ja, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure a ciki, ta miƙe. Ba nauyi. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, ba nauyi.

Suka fito baranda. Ƙafafun Lovelyn farare suna reto a gefen cinyoyinta. Masu aiki suka tsaya da abin da suke yi. Wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar ɗakinta ta ce wa nas, "Dubi, mamanta ta ɗauke ta." Angelina ta ji. Ta rage sauri.

A lambun, Lovelyn ta kwantar da kumatu a wuyanta.

"Kin tuna ranar da kika yi guɗa a kicin?"

"Na tuna."

"Mutumin next door ya buga bango." Ta yi 'yar dariya. "Na ji daɗin ranar nan, Mama. Kada wani ya ce miki ban ji daɗi ba."

Angelina ta shiga jijjiga ta a hankali, hagu da dama, tana bubbuga ta ta ƙasa da tafin hannu. Da ta juyo, ta hango Bernie tsaye a bakin ƙofar gilashi, riƙe da kwalbar farin man nan, ta fito da shi ta rasa inda za ta shafa. Angelina ta san kallon da ke fuskarta. Shekara da shekaru ita take yin sa.

Lovelyn ta rasu kafin Kirsimeti, tana da shekara ashirin da biyar. A Handsworth aka binne ta. A kan wannan Angelina ba ta nemi shawarar kowa ba, Bernie kuma ta bar mata.

Bayan wata huɗu sai ga Bernie a ƙofar gidan Angelina, ba sanarwa. Ta shiga wata ƙungiyar iyaye da suke neman a tsaurara doka: a dinga duba shaidar shekaru kafin a bar kowa ya kwanta a akwatin, a kuma hana shagon da ba mai tsaro. Za su buga takardu a manna a wuraren ganin likita da kantunan magani da makarantu, su kuma kira taro. Suna son fuskar Lovelyn. Tana magana idonta yana kan bango, inda hoton nan yake rataye.

"Wancan nake so, Angie. Tana da sha biyar a ciki. Duk wanda ya gani zai gane abin da muke faɗi."

Ta buɗe wayarta ta nuna samfurin da wani ya haɗa musu, daga hoton da Lovelyn ta taɓa tura mata. Ga Lovelyn tana murmushi. An yanke hoton daidai kumatunta. Abin da ya rage na Angelina ɗan gefen ɗankwali ne.

"Wa ya cire ni?"

"Ni na ce a cire. Na zaci ba za ki so mutane su gan ki a ciki ba. Za su yi magana. Za su ce ina uwar take."

"Sai ki tsaya a gaban taro da 'yata a hannu, a ce ga uwar."

Bernie ta zauna a kujera ba a ce ta zauna ba. "Kin san abin da take ce min duk lokacin da na yi mata faɗa a kan akwatin nan? Ba ta son ta yi kama da ni. A gidana, tana cin abincina. Na yi shekara goma ina jin wannan. Ki bar min wani abu mana, ko da takarda ce."

Angelina ta daɗe tana kallon hoton. Shi kaɗai ne take da shi da ba sai ta yi wa kowa bayani ba. In ta bayar, za a rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan launin ƙuna ce, kowa a Soho Road zai karanta, matan zumunta da suka taya ta godiya za su karanta. Ta hau kujera ta sauke shi, ta goge ƙurar firam ɗin da gefen zaninta.

"Dukansa za a sa. Da ni. A rubuta sunana, a rubuta mahaifiyarta. In sun tambaya ina uwar take, ga ta nan tana dariya, su gan ta da kyau." Ta miƙa mata. "Taron kuma ke za ki yi magana, Turancinki ya fi gudu. Amma ni zan riƙe."

Haka aka yi. A wani zaure a Manchester Bernie ta yi magana har muryarta ta shaƙe, Angelina tana tsaye a gefenta da hoton a ƙirji. Da hannunta ya gaji Bernie ta miƙo nata za ta karɓa, ta ce mata ba ta gaji ba.

Maganar doka tana hannun manya, wani lokaci Bernie takan bugo ta ce an matsa gaba, wani lokaci ta ce shiru. Angelina takan bar wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, a na biyu ta ɗauka. Shagon da Lovelyn ta fara shiga, a bayan wani wurin gyaran farce, yana nan a buɗe.

Akwai kantin magani kusa da inda take jiran bas. Sun manna takardar a jikin gilashi ta ciki, rana ta fara cinye launinta, su biyun suna ta yin fari tare. Kowace safiya Angelina takan fito da wuri kaɗan. Ta tsaya, ta ja hannun rigar sanyinta, ta goge gilashin daidai fuskokin, inda hayaƙin motoci yake kwantawa. In akwai wani a tsaye yana jiran bas, ko ya duba ko bai duba ba, sai ta nuna da yatsa ta ce, "'Yata ce."